Tsagar da Na Rufe da Fenti

Ranar Laraba bindigar ta fashe, da hantsi, a gaban baƙi uku daga Beri, ni kuma ina tsakiyar talla.

Aikina ke nan a maƙerarmu. Yaya Khalilu ke ƙira da walda, Yaya Zaidu ke goge aiki ya haɗa, ni kuwa Lukman, autan gidan, da Allah ya ga ba zan iya ɗaga masaba ba sai ya ba ni baki. In 'yan sa-kai suka shigo daga ƙauye neman bindigar toka, tun daga bakin titi nake tare su. In gaya musu duk faɗin Kontagora mu kaɗai ne ba ma ɗaure bindiga a jikin bishiya mu ja kunama da igiya kamar matsorata. Mu a kafaɗa muke gwadawa, mai saye yana kallo, don mu jinin maƙera ne, an ba mu mun sha tun muna goye, ƙarfe ba ya cinmu. Ina faɗi ina bugun ƙirji, alhali ni ko ƙusa ta soke ni sai an ji ihuna a tasha.

Mai gwajin kuwa kullum Yaya Zaidu ne. Yaya Khalilu yana da wani ciwon kafaɗa mai hankali, ba ya tashi sai ranar gwaji.

Muna kangon bayan maƙera, Zaidu ya ɗura, ya ɗaga, ya ja. Ƙarar ba irin wadda muka saba ji ba ce. Kafin hayaƙi ya washe mutanen Beri sun kai titi, ɗaya ma ya bar takalminsa. Zaidu bai yi ihu ba. Zama ya yi a ƙasa yana kallon hannunsa na hagu, hannun da yake riƙe awartaki da shi. Yatsu biyu babu, tafin kuma ya buɗe.

Na ruga na tayar da mashin. Sai ga Baba ya fito, ya miƙa hannu ya kashe, ya zare makullin ya sa a aljihu. Ya tambaye ni ina zan kai shi. Na ce asibiti mana. Ya ce asibiti ba sa taɓa raunin bindiga sai sun yi tambaya, tambaya kuma 'yan sanda take jawowa, in suka zo za su rufe maƙera su tafi da Khalilu. Ban da haka, in gari ya ji ƙarfe ya ci ɗan gidan nan, sunan da ya gada daga kakansa ya ƙare ke nan.

Aka shigar da Zaidu ɗaki. Baba ya wanke masa da ruwan ganye, aka kira mai kemis ɗin unguwa aka ce masa injin niƙa ne. Ya kalli raunin, ya kalli Baba, ya ɗinke abin da ya ɗinku, ya yi allura, ya naɗe da bandeji ya yi gaba.

Yaya Khalilu ya bi kangon yana tsince gutsattsarin bututun, ya je ya cusa su can ƙasan tulin tsofaffin ƙarafa. Guda ɗaya ya kuɓuce masa, na same shi kafe a jikin dangar kara, tsawonsa kamar yatsa. Da na juya shi sai na ga baƙin fenti a bayansa. Ni na shafa fentin nan ranar Litinin. Khalilu ne ya miƙo mini bututun, akwai wani ɗan wuri da aka yi wa walda aka goge sumul, ya ce in bi shi da baƙi sau biyu. Na ce Yaya wannan fa? Ya ce kwalliya ce, in yi aikina in rage surutu. Na yi, har ina waƙa.

Na jefa guntun a aljihu ban gaya wa kowa ba.

Washegari aka samo dalili. Yaya Khalilu ya ce albarushi Zaidu ya cika, da idonsa ya gan shi yana ɗurawa yana sauraron shirmena. Zaidu na kwance, ya ce a hankali da ma'aunin nan dai ya auna, wanda yake aiki da shi shekara takwas. Baba ya ce ba a musu da babba, mai ciwo kuma ba ya tuna abin da ya yi. Masu zuwa sayayya suna tambayar ina mai gwajin nan naku, aka ce in riƙa cewa ya tafi Ibeto gaisuwar surukai. Na faɗa. Bakin nan nawa bai taɓa yi mini nauyi ba sai ranar.

Bashira matar Zaidu abokiyar wasana ce. Kullum sai na ce miyarta ta fi ruwan randa tsarki, ita kuma ta bi ni da muciya tana cewa gwauro ba ya zaɓen miya. Kwana na uku na leƙa ɗakin da niyyar in tsokane ta ko ta ɗan saki rai, sai na tarar tana ɗaura wani farin zare a hannun mijinta, daidai inda kumburi ya tsaya. Ta ce so take ta san ko yana ja baya. Da gari ya waye kumburin ya haɗiye zaren, sai ta kwance ta matsar da shi sama. Tun daga nan ban ƙara yi mata maganar miya ba.

Kwana na huɗu zazzaɓi ya shigo, ɗakin ya fara wani irin wari da turaren wuta bai iya rufewa ba. Bashira ta je ta durƙusa gaban Baba ta roƙi a kai shi asibiti. Kafin la'asar aka samo dalili na biyu. Yaya Khalilu ya tuna wai ranar Talata da ta kawo abinci maƙera ta tsallake bututun yana ƙasa, kowa kuma ya san in mace ta tsallake ƙarfen bindiga maganin gida ya karye. Bashira da ko ƙofar maƙera ba ta takawa, ni nake zuwa in ɗauko kwanon a zaure. Na faɗi haka. Baba ya ce tun yaushe aka fara sa ni a shaida, ni da ke sayar da magana. Daga ranar aka hana ta taɓa raunin, wai kada hannunta ya ƙara ɓata magani. Baba ya karɓi wankin da kansa, safe da yamma, da ruwan ganye da wata baƙar hoda.

Zaren kawai aka bar mata. Tana ta matsar da shi.

Kwana na shida Zaidu ya daina gama kofin kunu. Yana magana da mutanen da ba sa ɗakin, yana cewa a miƙo masa magagari, aikin mutanen Beri bai gamu ba. Maƙwabta suka fara shigowa da sallama mai tsawo, don wari ba ya jin umarnin Baba. Duk wanda ya zo sai a ce masa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ni dai na san ƙaddara, amma ban taɓa jin ta da makullin mashin a aljihu ba.

Ran kwana na bakwai na ɗauki guntun ƙarfen na nufi wajen Baba Shadrach. Mutumin Rijau ne, tsohon soja, ya yi shekara ashirin da wani abu yana gyaran bindigogi a bariki, yanzu yana gyaran janareta da injin niƙa a wata rumfa kusa da kasuwa. Ni ina ce masa Saje Ritaya, shi kuma yana ce mini Rediyo. Da ya hango ni ya ce yau wace tasha aka kamo. Na ajiye masa guntun a kan benci, na ce na bindigarmu ne da ta fashe ranar Laraba.

Dariyar ta ɗauke. Na kai hannu zan goge masa bakin karayar da rigata, ya doke mini yatsu. Ya ce a bariki in wani sashe na bindiga ya karye, ba a yarda kowa ya goge shi ko ya jefar ba, ko haɗa bakin biyu a gwada ba a yi. Naɗewa ake a takarda, a rubuta ranar da wanda ke riƙe da ita, a kai wa masu dubawa. Fuskar karayar nan ita ke nuna inda abin ya faro, da ko laifin mai harbi ne ko na ƙarfe, don kada gobe irinta ta kashe wani.

Ya ɗauraye shi da ɗan fetur, ya sa tabarau, ya ɗauko wani gilashi mai ƙara girman abu ya fita cikin rana. Ya daɗe yana juyawa kafin ya kira ni.

"Rediyo, zo ka gani da idonka. Nan da ke ƙyalli kamar sabon kwano, shi ne ya karye ranar. Wannan kuma mai duhu da tsatsa, ka ga ya kusa cinye kaurin ƙarfen? Tsohuwar tsaga ce. Ta girmi Larabar taku da watanni."

Ya nuna mini yadda tsagar ta tafi a miƙe kamar an ja layi. Ya ce wannan ba sandar sitiyari ba ce irin wadda maƙera suka saba nema, fayif ɗin ruwa ne, mai ɗinki a tsawonsa, kuma ɗinkin ne ya buɗe. Waldar da aka yi ba ta shiga ciki ba, a sama ta zauna kamar filasta, cikinta duk ƙananan ramuka kamar burodi. Na ce to in albarushi aka cika fa? Ya ce lafiyayyen bututu in aka cika masa, ciki yake fara yi, ya kumbura kafin ya yage. In nuna masa inda wannan ya kumbura. Na duba, babu.

Sannan ya ɗauki allura ya sosa cikin tsagar, ya goga a farcensa. Baƙi.

"Fenti ya shiga har ciki. Wa ya shafa?"

Ni da ake ce wa Rediyo, na tsaya ina kallon ƙafata. Bai sake tambaya ba. Ya ce wa ke riƙe da bindigar, na ce Yaya Zaidu. Ya tambayi kwana nawa, ya tambayi launin hannun, ya tambayi ko akwai wari. Ina ba shi amsa yana cire tabarau.

"Ka zo kana nuna mini ƙarfe mutum na ruɓewa a ɗaki? Ƙarfen nan ko shekara goma zai jira ka. Je ka ɗauko ɗan'uwanka."

Da na koma gida na tarar da Baba da Yaya Khalilu a rumfarmu suna cin abincin rana. Na ajiye guntun a kan tabarma kusa da kwanon, na zayyana musu duk abin da na gani, mai ƙyalli da mai duhu, ɗinkin fayif, waldar sama, har da fentina. Khalilu ya ce yanzu mai gyaran janareta ne zai koya wa gidan nan ƙira, ni kuma na kwashi sirrin gida na kai kasuwa. Ya ce sandar sitiyari ta yi wuya, mutanen Beri suna gaggawa, ɓarayin daji sun hana su noma, da me zai sallame su? Taimako ya yi. Kuma ai ya yi waldar, ba haka ya bar ta ba.

Ni Baba nake kallo. Na ɗauka zai musa, ko ya ce a kawo masa tabarau. Ya ɗauki guntun, ya bi bakinsa da babban yatsa sau ɗaya, ya mayar ya ajiye.

"Na gani tun ranar," in ji shi. "Shekara hamsin ina ƙira, sai wani soja ya nuna mini tsaga?"

Na ce to Baba, albarushin fa? Bashira fa?

"Ɗaya ya riga ya ji ciwo. So kake in rasa biyu?"

Ya ci gaba da cin abincinsa, ni kuma na mayar da guntuna aljihu. Na roƙi makullin mashin, ya ce mu ƙara kwana biyu, sabon maganin da aka kawo daga Ibeto yana aiki.

Na shiga ɗaki na ce wa Zaidu ya tashi mu tafi. Ya buɗe ido ya tambaye ni ko Baba ya ce. Na ce Baba bai ce ba. Ya ce to a bari sai ya ce. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in ɗaga shi in girgiza. Mutum kwance, hannunsa ya yi kamar dafaffen rogo, zaren Bashira ya wuce rabin sangalin hannun, shi kuma izini yake jira daga mutanen da suka san gaskiya tun ranar farko.

Sai Bashira ta miƙe. Ta sa hijabi ta fita, ta dawo da mai Keke har ƙofar gida. Ta je rumfa ta durƙusa ta ce wa Baba tunda an ce ita ta karya magani, to ita za ta ɗauki abin da ta ɓata ta kai gyara, in ya so a ɗora mata wannan ma. Ta kama ƙafafu, na kama kafaɗu, Zaidu yana ta cewa mu tsaya. Yaya Khalilu ya miƙe kamar zai tare hanya, warin ya buge shi, ya matsa. Muna sa shi a Keke Baba ya biyo mu bakin ƙofa ya ce kada mu manta, injin niƙa ne.

A asibiti ba wanda ya tsayar da mu a ƙofa. Suna kwance bandejin nas ɗin ta juyar da kai. Likita ya tambayi abin da ya same shi, Zaidu da ƙyar ya ce injin niƙa. Likitan ya zaro wani ɗan ƙarfe daga cikin naman ya ɗaga, ya ce wane irin injin niƙa ne wannan. Na ciro nawa guntun na ajiye masa a tebur, na faɗi komai. Karo na farko ke nan da na yi dogon bayani ban ƙara gishiri ba.

Ya ce da ranar farko muka kawo shi, da ya tsira da tafin da yatsu uku. Ko a rana ta uku ma da an gwada. Washegari suka yanke hannun ƙasa da gwiwa kaɗan, sama da inda zaren ya tsaya.

Abin da Baba yake tsoro ya zo. An yi tambaya, an rubuta, an kira Yaya Khalilu ya je ya dawo sau uku, manyan 'yan sa-kai suka sa baki. Maƙera ta yi mako uku a rufe, ta buɗe. Mako uku. Ni na ƙirga, don a makon nan ukun nake koya wa Zaidu ɗaura tazuge da hannu ɗaya, yana ce mini in daina ba shi dariya ɗinkin na ja.

A gida kuwa har yau ba wanda ya ce a yi haƙuri. In baƙi suka zo dubiya, Baba ya ce ƙaddara ce. In mata suka keɓe, sai ka ji ana raɗa zancen tsallake ƙarfe, Bashira tana wucewa da kwanon miya kamar ba ta ji ba. Ni kuma na zama ɗan da ya kai ƙarar gidansu.

Bayan wata biyu wasu mutum huɗu suka zo daga Ibeto karɓar bindiga. Muka fita kango, Zaidu na zaune a inuwa yana kallo. Yaya Khalilu ya ɗura, ya fara murza kafaɗa yana yatsine fuska. Baba ya juyo ya kalle ni.

"Lukman, kai ma ai jinin gidan nan ne."

Na karɓi bindigar. Na wuce da ita gindin darbejiya, na kira Bashira ta miƙo mini igiyar guga ta saman danga. Ina ɗaurewa Khalilu ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, wai ina kunyata gida a gaban mutane, abin da kakanninmu ba su taɓa yi ba. Na kwance na miƙa masa da hannu biyu.

"To ga ta, Yaya. Kai ka ƙera ta, kai ka san cikinta."

Ya kalli bindigar, ya kalli baƙi, ya koma murza kafaɗarsa. Baba ya juya ya shige gida.

Na mayar na ɗaure, muka ja da baya, na laɓe bayan katanga na ja igiya. Ta tashi lafiya lau. Mutanen Ibeto suka yi murna, babu ko ɗaya da ya tambayi me ya sa ba a kafaɗa aka gwada ba. Babbansu ma cewa ya yi haka ya fi, shi da ma bai son tsayawa kusa. Yaya Khalilu ya ce na dai gani da idona, aikinsa ba ya fashewa, tsoro ne kawai ya cika ni.

Igiyar guga ce. Tana rataye a bakin rijiyarmu tun kafin a haife ni, taku goma daga inda Zaidu ya tsaya ranar Larabar nan.

Da aka watse, Zaidu ya tashi ya ce in kawo igiyar ya naɗe wa Bashira kayarta. Ya kama bakin igiyar da dama, ya ɗaga hagu yadda ya saba, zai zagaya daga tafi zuwa gwiwa. Igiyar ta zame ta faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallonta.

Na sunkuya na ɗauka. Na laluba duk cikin kaina ko akwai wata tsokanar da zan yi masa, ban samu ba.